Wane irin haɗin gwiwa ne ke kawo ruwan famfo a birni?

Ɗan Unguwa: Salamu alaikum. Ana ta cewa a shigo da 'yan kasuwa cikin harkar ruwan famfo. Don Allah masana, me ake miƙa wa kamfanin takamaimai, kuma me ke sa yarjejeniyar ta watse?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba wanda zai zuba jari. A Senegal, tun 1996 aka raba aikin biyu: SONES, kamfanin gwamnati, shi ke da matatun ruwa da manyan bututu, shi ke cin bashi mai sauƙin ruwa don faɗaɗawa. SDE kuma, kamfanin 'yan kasuwa, ya karɓi haya har ƙarshen 2019, yana tacewa, yana rabawa, yana karɓar kuɗi, ana biyan sa a kan kowace kubik mita. In yoyo ya wuce abin da aka ƙayyade, aljihunsa ne ke ji. Nijar ta bi wannan sahu a 2001 da SPEN, kamfanin gwamnati, da SEEN mai haya, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da kashi 51 cikin ɗari a ciki, har ƙarshen 2023 da gwamnati ta karɓe kayanta.

Hajiya Mai Sharhi: Inda aka ɗora wa kamfani jarin baki ɗaya kuwa, canjin kuɗi ne ke karya shi. A Manila, babban birnin Filifin, kamfanin ruwa na Maynilad ya gaji bashin dala a 1997, talaka kuma da peso, kuɗin ƙasar, yake biya. Da peso ya faɗi a shekarar, bashin ya kumbura, ba damar ninka farashi.

Injiniya: Hajiya ta yi gaskiya, amma akwai abin da ake mantawa: awo kafin sa hannu. A ɗaura babbar mita a bakin matata, a yanka gari shiyya-shiyya, kowace da mitarta. Sai a karanta tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, lokacin da famfuna ke rufe. Abin da ke gudu a sa'ar nan galibi yoyo ne, ko jonin sata. Sannan a bi gida-gida a ƙirga masu famfo na gaske, domin rajistar ofis cike take da sunayen da suka daɗe da tashi. In ba haka ba, shekara biyar za a yi ana gardamar daga ina aka fara. A Ghana, kamfanin Aqua Vitens Rand ya riƙe aikin daga 2006 zuwa 2011, kusan rabin ruwan bai zama kuɗi ba, aka ƙi sabunta masa.

Mai Lissafi: Sai bashin kuɗin famfo da ake bin gwamnati, Injiniya. Bariki da asibiti ba a iya yanke musu ruwa. A rubuta cikin kwangila cewa baitulmali zai cire kuɗin daga kasonsu duk wata, kai tsaye.