Tsofaffin finafinan da muka sake kallo bayan mun girma

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na kunna Sholay a waya. Rabona da shi tun ina firamare, a gidan kallo, muna cunkushe a ƙasa kan tabarma. Fim na 1975, ya haura awa uku, amma ban tashi ba sai da ya ƙare. Abin kunyar, sai jiya na gane cewa kwabon da Amitabh yake jefawa fuskarsa ɗaya ce gaba da baya, shi ya sa kullum yake cin abokinsa. Shekara talatin ina cewa sa'a ce! Wa ya taɓa komawa kan tsohon fim ya tarar da wani abu daban?

Baba Mai Ritaya, Kawo: Wa alaikumus salam. Yaro, ku a ɗaki kuka gani. Mu silima muke zuwa bayan isha'i, ba rufi, in hadari ya taso kowa ya yi ta kansa. Ba ma jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma akwai wanda ya kalli Mother India ya fi sau goma, shi ke fassara mana yadda ya ga dama, kuma ba mai musu. Da ina saurayi haushin uwar nake ji, don me za ta harbe ɗan da ta haifa? Bara na sake kallo da jikokina. Wallahi mai ba da bashin nan kawai nake gani, yadda ruwan kuɗi ya cinye gonar mutane. Na san irinsa da idona. Af, Nargis da ta fito a uwar ta auri Sunil Dutt da ya fito a ɗan, a 1958. Su suka haifi Sanjay Dutt ɗin naku.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rimi: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma wannan tarihin maza ne. Wace yarinya za ta ce za ta silima ta kwana lafiya a gida? Mu sai da bidiyo ya shigo, a yi karo-karo a hayo kaset. Sangaya ne namu. Na sake kallonsa kwanan baya, hoton ya dushe, muryar ma wani wuri sai ka kasa kunne, amma ana fara waƙar na tsinci kaina ina bi, har 'yata tana yi mini dariya. Labarin kam ban ga abin da ya sa mu kuka ba.

Na Rigasa: Ku yi haƙuri iyayena, na gwada Sholay na yi barci tun kafin bos ɗin fim ɗin, Gabbar, ya fito. In ba fassarar Hausa, ba na iyawa.

Ɗan Tudun Wada: Ƙane, Allah ya shirye ka.

Makanike, Kakuri: Ni Enter the Dragon ne ya ja mini karaya. Muka sari muciya biyu, muka haɗa da sarkar keke, wai mu Burus Li. Na diro daga katanga, sai gidan mai ɗori. Da na sake kallo, faɗan ɗakin madubi bai tsufa ba ko kaɗan, sauran kuwa jira ne kawai. Mutumin ma ya rasu a 1973, kafin fim ɗin ya fito, mu kuma muna ta gardama wai yana raye ya ɓuya.

Malamar Islamiyya, Badarawa: Ba wanda ya ambaci fim ɗin Umar Mukhtar? Tun ina ƙarama wuri ɗaya ne ke karya mini zuciya: bayan Italiyawa sun rataye shi, yaro ya sunkuya ya ɗauki tabaransa. Na nuna wa ɗalibaina, ajin ya yi tsit, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, da gaske aka yi?” Na ce mata da gaske, a Libiya, 1931.

Baba Mai Ritaya, Kawo: Malama, in kina da shi turo mini. Nawa kaset ɗin gara ta cinye.