Yaya ake shirya kakakin hukuma kafin ranar da za a kai hari?

Jami'in Yaɗa Labarai, Kawo:
Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin shirya horo ga masu magana da yawun wasu asibitoci da ƙananan hukumomi a nan Kaduna, kan yadda za su fuskanci manema labarai idan 'yan ta'adda suka kai hari. Yawancinsu sun ƙware wajen rubuta sanarwar bikin buɗe aiki, amma ba su taɓa tsayawa gaban makirufo ana cikin zubar da jini ba. Ina roƙon manyanmu da suka ga jiya suka ga yau su nuna mini abin da ya fi cancanta a fara koya musu.

Tsohon Edita, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da alƙaluma, domin a nan ne kakaki ya fi zubar da mutuncinsa. Lokacin da aka sace ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ranar 7 ga Maris, 2024, adadin da duniya ta fara ji shi ne 287, amma da aka kuɓutar da su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, gwamnati ta ce 137 ne, kuma wannan giɓin ya sa mutane da dama suka daina yarda da kowane ɓangare. Haka aka yi a Chibok a watan Afrilun 2014, inda hedikwatar tsaro ta ce an ceto 'yan matan in ban da takwas, sannan ta janye maganar bayan iyaye da shugabar makarantar sun musanta. Don haka a koya wa kakaki kada ya furta adadi sai ya san wanda ya ƙirga da kuma takardar da aka ƙirga da ita, ko rajistar makaranta ce ko jerin fasinjoji.

Sai dai wannan ba hujjar yin shiru ba ce. Ya fito cikin sa'ar farko ya faɗi abin da aka tabbatar, ya ambaci abin da ake kan bincike, ya sanar da lambar da iyalai za su kira, sannan ya yanke lokacin da zai sake fitowa, ya kuma cika alkawarin ko da babu sabon bayani. Idan ya kulle ofis ya kashe waya, mu 'yan jarida za mu je wurin ganau, kuma kafin azahar saƙon murya ya gama zagaya WhatsApp daga Rigasa har Kafanchan.

Ma'aikaciyar Jinya, Barnawa:
Baba Edita ya yi gaskiya, amma ina so a tuna da iyalai. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022, mutane sun kwana suna yawo tsakanin tashar Rigasa da asibitoci, kowa riƙe da hoton ɗan'uwansa a waya yana nuna wa masu gadin ƙofa. Bai dace uwa ta ji rasuwar ɗanta a rediyo ko ta ga gawarsa a Facebook ba. A horar da kakakin asibiti ya hana ɗaukar hoto a ɗakin gaggawa, ya keɓe wa 'yan jarida wuri a waje, kuma kada ya saki sunan kowa sai an sanar da danginsa.

Soja Mai Ritaya, Mando:
Ni abin da ke damuna shi ne maganar da take taimakon maharin. A harin Mumbai na Indiya a watan Nuwamban 2008, waɗanda suka turo maharan suna kallon talabijin kai tsaye, suna shaida musu ta waya inda jami'an tsaro suka dosa. Saboda haka kakaki bai kamata ya faɗi hanyar da dakaru suka bi ba, ko muƙamin wanda ake garkuwa da shi, tunda hakan yana ƙara kuɗin fansa, kuma kada ya taya yaɗa bidiyon da masu garkuwa suka fitar don matsa wa gwamnati lamba.

Sannan a daidaita baki tsakanin hukumomi tun kafin ranar. A Tudun Biri da ke ƙaramar hukumar Igabi, cikin Disamban 2023, da jirgi marar matuƙi ya kashe masu Mauludi bisa kuskure, rundunar sojin sama ta fara cewa ba ita ba ce, daga baya aka bayyana cewa na sojin ƙasa ne. Waɗannan sa'o'in na ruɗani sun ƙara wa mutanen Igabi raɗaɗi. Idan laifi naku ne, a amsa shi da wuri, cikin ladabi.

Tsohon Edita, Tudun Wada:
Yallabai, na yarda, muddin ba a mayar da kalmar tsaro mafakar ɓoye gazawa ba. Malam mai tambaya, kada horon ya tsaya a kan takarda: ka gayyato 'yan jarida na gaske su yi musu ruwan tambayoyi a gaban kyamara, sannan a kunna musu su kalli kansu. Kuma a yi atisayen da Hausa, domin mutanen Birnin Gwari da Giwa a rediyo za su ji su, kuma na ga kakakin da ya karanta sanarwar Turanci tiryan-tiryan amma ya kasa yin ta'aziyya da harshensa. Kowace hukuma ta horar da mutum biyu, saboda hari kan zo da tsakar dare, lokacin da na farkon ba ya gari.