PS5 mai cin faifai ko mara faifai, wacce zan ɗauka?

Autan_Gem:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na haɗa kuɗin PS5, na'urar buga gem ta Sony, amma na rasa wacce zan ɗauka tsakanin mai cin faifai da mara faifai, ta biyun ta fi sauƙi shi ya sa hankalina ya fi karkata can, to jiya ina gyaran ɗaki sai na ci karo da kwalin faya-fayan PS2 ɗina, na hure ƙura na goge ɗaya da gefen riga na saka, wallahi ya tashi kamar yau na saye shi. Shi ne nake ta tunani, gem ɗin da zan saya a PlayStation Store, shagonsu na intanet, yanzu nan da shekara 20 zai tashi haka? Wai in mutum ya biya kuɗi ya sauke gem nasa ne ko aro aka ba shi?

Baban_Khalifa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena aro ne, lasisi kawai ka saya, izinin bugawa, kuma su ma ba sa ɓoyewa yana nan cikin dogon rubutun nan da muke danna amincewa ba mu karanta ba. A 2024 har doka aka yi a jihar Kaliforniya ta Amurka cewa dole a riƙa gaya wa mai saye gaskiya, shi ya sa yanzu in za ka biya a Steam, shagon intanet na gem ɗin kwamfuta, za ka ga sun rubuta maka cewa lasisi kake saya. Ka duba The Crew na Ubisoft, gem ɗin tseren mota da ya fito 2014, ƙarshen Maris 2024 suka kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfani da yake haɗuwa da ita ta intanet, shi kenan ya mutu a hannun kowa, daga nan ne ma aka fara gangamin Stop Killing Games na neman a hana kamfanoni kashe gem ɗin da mutane suka saya. Ni dai faifai, abin da ke hannunka shi ne naka.

Sarkin_Pad:
Yaya Baban Khalifa ban ƙi ta taka ba amma The Crew ɗin nan fa har masu faifansa ba su tsira ba, tunda ba ya tashi sai da intanet. Faifan yanzu ba irin na zamanin PS2 ba ne da komai ke ciki. Call of Duty Modern Warfare II na 2022 abin da ke kan faifansa bai kai 100MB ba, sauran duk sai ka sauke, haka Nintendo a na'urarsu Switch 2 suka zo da wani kati da makulli ne kawai a ciki babu gem ɗin. Kafin ka sayi faifai ka bincika ko yana tashi ba intanet. In kuma mallaka ta gaske kake so a kwamfuta to shagon intanet na GOG, za ka sauke fayil ɗin ka ajiye a ma'ajiyar kwamfutarka ba mai ƙwace maka.

Ummu_Hanan:
Ni abin da ya koya min hankali akawun ne. An taɓa yi min kutse aka canza imel, wata biyu ina fama da masu kula da kwastomomi kafin ya dawo, duk tsawon lokacin nan gem sama da goma na kasa taɓa ko ɗaya, yarana kullum suna tambaya, faya-fayai uku da ke kan kanta su suka rufa min asiri. Sannan faifai in ka gama za ka sayar ko ku yi musanya da aboki ko ka sayi na hannu. Dijital dai akwai daɗi ba tashi canza faifai ba karcewa, ina saya in an yi ragi sosai, amma wanda nake ƙauna sai na riƙe kwalinsa.

Autan_Gem:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. To in na ɗauki mara faifan yanzu zan iya ƙara mata wurin faifai daga baya?

Sarkin_Pad:
In siririyar nan ce da ta fito ƙarshen 2023 ko Pro eh ana sayar da shi daban ka maƙala, sai dai ranar farko dole ka haɗa ta da intanet ta yi masa rajista. Ta farkon ta 2020 kam ba ta karɓa, ka duba kwalin da kyau kafin ka biya.