Musayar Waƙa a kan Injin Biyan Kuɗi na Manyan Kantuna

Ɗan Mancesta:
Na shiga kanti jiya nan Ingila,
Ba mai karɓar kuɗi, ba gaisuwa.
Ni na haska lambar jikin madara,
Ni na auna, ni na yi ƙunsawa.
Da na ɗora jaka a kan sikeli,
Sai jar fitila ta hau haskawa,
Na tsaya jiran ma'aikaciya guda
Mai injuna takwas tana dubawa.
Sun ɗora mini aikin ma'aikaci,
Ba ragin farashi, ba godewa.

Hajiya Mai Lissafi:
Ƙanena, hannunka ne bai saba ba,
Kada ka jingina wa inji kasawa.
Ni da burodi da ƙwai a kwando,
Kafin layi ya motsa ina ficewa.
Lambar kayan nan tun 1974 a Ohayo ta Amurka
A jikin cingam aka fara karantawa.

Ɗan Kurmi:
Ɗan Mancesta ya yi magana, Allah ya ƙara basira. Hajiya, ga tawa:
Wane inji zai ce miki albarka,
Ki ƙara, ya sallama da dariya?
Wane inji ya san ki da bashi,
Ko ya zuba gyara bayan kin biya?

Malam Mai Aruli:
Hajiya, ɗangon da kika cusa shekara a cikinsa ya karya karin waƙar, domin idan aka furta lambar da baki sai ta fi baitin duka tsawo. Shi kuma Ɗan Kurmi ya bar amsa-amon da aka fara da shi.

Ɗan Kurmi:
Malam, baitina nawa ne, ban yi alkawarin bin amsa-amon kowa ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam, kai da ke auna mana gaɓoɓi,
Ina naka baitin, mu ma mu auna?

Ɗan Mancesta:
Ku yi haƙuri, aiki ya riƙe ni kwana biyu. Hajiya, zan bar shekarun a zube saboda Malam: a 2023 kantunan Booths na arewacin Ingila sun cire injunan, ban da rassa biyu, kuma a 2024 Amazon ta janye tsarin ɗauki-ka-fita, wato ka ɗauki kaya ka fita ba tare da tsayawa wurin biya ba, daga kantunanta na Fresh a Amurka.
Yaya, kin ga tsohuwar da ke gabana,
Hannu na rawa, kati na faɗuwa,
Ta waiga tana neman ɗan Adam,
Ni na sunkuya na yi miƙawa.