OSPF na maƙalewa a EXSTART bayan ɗora CoPP a kan Cisco ISR 4331

Assalamu alaikum, 'yan uwa masana. Rautar tana da maƙwabtan OSPF (tsarin da rautoci ke musayar bayanan hanya da shi) uku a layin Ethernet ɗaya. Da zarar an kunna CoPP (iyakance saƙonnin da ke nufin rautar kanta) ta hanyar ɗora "service-policy input" a ƙarƙashin "control-plane", duk maƙwabcin da ya faɗi ba ya komawa FULL (cikakkiyar haɗuwa), sai ya tsaya a EXSTART ko LOADING, matakan da ke kafin ta. In an cire, komai ya daidaita.

ACL ɗin ajin OSPF (jerin dokokin da ke tantance saƙonnin ajin) layi biyu ne kacal: "permit ospf any host 224.0.0.5" da makamancinsa na 224.0.0.6 (adiresoshin aika wa rukunin rautoci ne), an kuma ba ajin 256 kbps. Shi kuwa class-default (ajin sauran saƙonni) 32 kbps ne, abin da ya haura a zubar. MTU (iyakar girman saƙo) 1500 ne ko'ina, ba daga nan matsalar take ba. "show policy-map control-plane" bai nuna zubarwa a ajin OSPF ba, amma ta class-default sai hauhawa take yi.

Zargina shi ne saƙonnin DBD da LSR (na musayar bayanan hanya tsakanin maƙwabta), tunda adireshin rautar suke nufa kai tsaye, ACL ɗin ba ya kama su. Shin in ƙara layi ga kowane maƙwabci, ko "permit ospf any any" ya wadatar? Na biyun ina ganin ya buɗe ƙofa da yawa. Kuma nawa ya dace a sa wa burst (adadin da aka yarda ya shigo a lokaci guda)?