Wace Hausa za mu ba "compress" a harkar bidiyo?

1/
Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura karatu da fina-finai a waya ya ji ana cewa, "Yi masa kwamfires, ya yi nauyi." Kalmar ta zauna a bakinmu alhali muna da tamu. Yanzu da ake yin aikin a shafukan intanet a cikin burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ba tare da sauke wata manhaja ba, kowa na buƙatarta, gara mu tsayar da magana ɗaya.

2/
Matsalar sananniya ce. Minti ɗaya na bidiyon 1080p, wato mai hoto tas sosai, da waya ta ɗauka yakan haura MB 100, Gmail kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25. Abin da shafukan nan ke yi shi ne rage yawan bayanan da ake kashewa kan kowace daƙiƙa, su zubar da abin da ido bai cika lura da shi ba. Malami na zaune yana tafsiri, bangon bayansa ba ya motsi, to bidiyonsa zai ragu sosai kuma ya fito tas. Hawan sallah mai ƙura da dawakai kuwa, da ka tsananta sai fuskoki su dagule.

3/
Cikin kalmomin da za a iya ɗauka, "taƙaitawa" ba ta yi ba, don tsawon bidiyon yana nan. "Rage girma" a bar wa saukar da 1080p zuwa 720p, inda ɗigogin hoton ke komawa 921,600 daga 2,073,600. Wannan aiki ne daban.

4/
Wani malami ya kawo "rage nauyi", kuma Allah ya gafarta Malam, ita ce mafi kusa da bakin mutane. Sai dai sakamako take faɗa, ba ta faɗi hanya ba. Wanda ya yanke rabin bidiyo ya rage nauyi, wanda ya cire sauti ma haka.

5/
Ni dai "matsewa" na zaɓa. Matse bidiyo, matsattsen bidiyo, shafin matse bidiyo. Duk inda ka juya ta tana tafiya. Kuma tana ɗauke da gargaɗin da ya kamata: man da aka matse daga gyaɗa ba ya komawa cikin ƙuli. Ingancin da ya fita ya fita ke nan, shi ya sa ba a goge na asali. Shi ya sa kuma bidiyon da aka yi ta saukewa ana sake ɗorawa yake dusashewa, matsewa ce kan matsewa. WhatsApp da kansa yana matse abin da ka tura, sai fa in ka aika shi a matsayin fayil, wanda yake karɓa har GB 2.

ZIP kuma, wato hanyar ƙunshe fayiloli wuri ɗaya don su rage nauyi, "dunƙulewa" ta dace da shi, tunda in ka warware komai zai dawo yadda yake. Ba ya ma rage wa bidiyo wani abin kirki.

6/
Saura inda na fi damuwa. Shafukan iri biyu ne. Wasu sai ka ɗora musu bidiyon gaba ɗaya, su matse a kwamfutocinsu, ka sake saukewa: datarka ta tafi sau biyu, bidiyon bikin iyalinka kuma ya kwana a hannun wanda ba ka sani ba. Wasu kuwa suna gudanar da FFmpeg, wata manhajar sarrafa bidiyo, a cikin burauzarka ta hanyar WebAssembly, fasahar da ke ba burauza damar yin irin wannan aiki mai nauyi, fayil ɗin bai bar wayarka ba, illa dai za ta yi zafi ta ɗauki lokaci. Ina ba da shawarar mu kira na farko "matsewar aike", na biyu "matsewar gida", don mai shago ya iya tambayar Hajiya wanne take so kafin ya taɓa bidiyon 'yarta.

'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka ɗauko taku daga Faransanci, "matse" ta zauna muku a kunne?