Wace kalma za mu ba velocity a Hausa?

Malamai 'yan uwana masu koyar da fiziks, ku zo mu daddale wata magana. Speed dai babu gardama, sauri ne. Velocity fa? Jiya a aji na ce masa gudu, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, to mene ne bambancin gudu da sauri?" Gaskiyarta, a bakin Bahaushe kusan abu ɗaya ne.

Ga inda speed da velocity suka rabu. Adaidaita sahu biyu sun tashi daga Ƙofar Nasarawa, kowanne yana cin kilomita 30 a awa. Ɗaya ya miƙe titin Zariya, ɗaya ya nufi Kurna. Saurinsu ɗaya. Amma velocity ɗinsu daban ne, domin shi ba ya cika sai an faɗi inda aka dosa: kilomita 30 a awa, kudu.

Wasu sun ce mu kira shi hanzari. Ban yarda ba. Hanzari gaggawa ce, babu gabas babu yamma a cikinsa.

Ni abin da ya kwanta min a rai shi ne sauri mai alƙibla. Yaron da ya tashi a Kano ya san alƙibla tun yana tsayawa sahu bayan mahaifinsa, kuma ba a salla kaɗai muke faɗinta ba, muna cewa wane ya sauya alƙibla.

Na gwada wannan kalma a wurare biyu da ke rikita ɗalibai. Mota tana zagaya shataletale, allurar gudunta ba ta motsa ba: saurinta bai canza ba, amma alƙiblarta na juyawa kowane lokaci, don haka sauri mai alƙibla yana ta canzawa. Na biyu, a ce yaro ya yi zagayen mita 400 cikin sakan 80, ya dawo daidai inda ya tashi. Saurinsa mita 5 a sakan ne. Matsakaicin saurinsa mai alƙibla kuwa sifili ne, tunda tazarar da ke tsakanin mafari da matsaya ake rabawa da lokaci, ba tsawon hanyar da ƙafa ta taka ba.

Na san ta ɗan yi tsawo a kan allo. Wanda ke da gajeriya wadda ba ta yar da alƙiblar ba, don Allah ya kawo kafin Litinin, ranar zan koma wa ɗalibar nan da amsa.